Ɗakin Uwa da Ɗakin Karatu a Maruwa

Bakwai da kwata na safe wani yaro ya ɗauki guntun rodi ya shiga dukan tsohon wilin mota da aka rataye a reshen dogon-yaro. Ƙararrawar makarantar ke nan. Kafin ƙarar ta mutu yara sun fara ɓullowa, kuma da yake makarantar ba ta da katanga, ko'ina ƙofa ce: wasu ta bayan ajujuwa inda awakin unguwa ke kwana, wasu ta cikin yashin rafi, waɗansu a bayan babur, uku-uku, ƙafafu na reto. Watan Janairu ne, hunturu ya kankama, kowane yaro fari fat kamar an barbaɗa masa gari. Wata 'yar yarinya ta zo goye da ƙanenta, ta sauke shi a gindin bishiya wajen mai ƙosai da kunun gyaɗa, ta ce, "Goggo, ga shi nan, sai mun fito hutu." Matar ko kai ba ta ɗaga daga kasko ba, ta dai matsa masa gefen tabarma. Da gani ba yau aka fara ba.

Firamaren gwamnati ce a gefen garin Maruwa, babban birnin jihar Arewa Mai Nisa ta Kamaru. Mako guda na yi ina zuwa da safe, da yamma kuma in bi yara har gidajensu tare da wani malami da ya san unguwar kamar yunwar cikinsa. Maruwa gari ne mai inuwa, dogon-yaro ya rufe tituna, ga rafuka biyu, Mayo Kaliyawo da Mayo Tsanaga, waɗanda da rani yashi ne zalla har samari na buga ƙwallo a ciki, da damina kuma su cika su tumbatsa. Sarauta ta Fulani ce, akwai Lamiɗo da fadarsa, amma Giziga aka tarar a wurin, kuma yau garin ya haɗa Mofu da Mafa daga duwatsun Mandara, da Tufuri da Mundang da Masa, da Barebari da Larabawan Shuwa, da Hausawa 'yan kasuwa da mahauta da dukawa. Fillanci ne harshen kasuwa da na hira. Makarantar boko kuwa kowa "lekol" yake ce mata.

Ajin farko SIL ake kiransa, daga shi sai CP, CE1, CE2, CM1, a rufe da CM2, shekara shida ke nan idan yaro bai maimaita ba. Na leƙa SIL ina ƙirga kawuna, da na haura ɗari sai na haƙura. Benci 'yan kaɗan ne a gaba, sauran yaran a ƙasa suke, gwiwa na gugar gwiwa, kowa da ɗan allonsa da guntun alli. Malamar 'yar kudancin ƙasar ce da aka turo aiki, Fillancinta bai wuce na gaisuwa da tayin tumatir ba. Sai ta rubuta gaɓa a allo ta faɗa, ajin ya amsa da ƙarfi har kwanon rufi ya yi amo. In yara ɗari suka amsa tare, ai ba ka gane wanda ya iya da wanda leɓe kawai yake motsawa. Can a kusurwa akwai wani dogon yaro da ya maimaita ajin, shi ne tafintanta. In ta ga idanu sun yi zuru-zuru sai ta yafito shi ya juya maganar da Fillanci. Amma ɗan Mafa da ya sauko daga dutse bara, shi Fillancin ma koyonsa yake yi a filin wasa. Harshe biyu ne a gabansa, kuma da na biyun, Faransanci, wanda babu mai yi masa shi a gida, za a auna ƙwaƙwalwarsa a ƙarshen zango.

A shekarar 2000 Shugaba Paul Biya ya soke kuɗin makarantar firamare ta gwamnati. A takarda karatu kyauta ne. A zahiri kuwa ƙungiyar iyaye da malamai, wadda ake kira APEE, ita ke riƙe da rabin makarantar. Malaman da gwamnati ta turo ba su kai yawan ajujuwa ba, don haka iyaye ke tara kuɗi su ɗauki wasu, a nan "malaman iyaye" ake ce musu. Da yawansu sun gama makarantar horon malamai suna jiran gwamnati ta ɗauke su, jiran da kan ci shekaru. Malamin da ke yi mini jagora ɗaya ne daga cikinsu. Abin da ake ba shi a wata bai kai ya ciyar da gida ba, shi ma ɗin sai iyaye sun biya. A wata ukun hutu kuwa ko sisi. Shi ya sa da la'asar yakan karɓi babur ɗin wani ya yi acaɓa. Ɗan ƙunshin kayan aiki da gwamnati ke aikowa, su alli da rajista, sau da yawa sai karatu ya yi nisa yake isowa. Ka ga ke nan tun daga nan maganar "gida" da "makaranta" ta cakuɗe. In aljihun iyayen unguwa ya bushe, malamin CE2 ba zai zo ba ranar Litinin, kuma ba wanda zai ga laifinsa.

Tambayar da na zo da ita ita ce: wane irin gida ne ke fitar da yaron da ke ci? Na zo da amsata a aljihu, kamar yadda 'yan boko muka saba: gidan mace ɗaya, uba ma'aikaci, 'ya'ya kaɗan. Daraktan makarantar ya yi dariya da na faɗa masa haka. Ya ce irin wannan gidan ai ba ya kawo masa 'ya'yansa, makarantar kuɗi ko ta mishan yake kai su. Nasa yaran na masu albasa ne daga Meskin, da 'yan acaɓa, da majema, da zawarawa, da waɗanda rikici ya koro. A cikin waɗannan ne wani ke yin na ɗaya wani na tamanin, kuma a nan ne tambayar ta yi armashi.

Ranar Talata da magariba muka shiga wani gida mai mata uku. Maigidan falke ne na albasa, yau yana Garwa, jibi yana Kusiri, wata sa'a ya yi mako biyu bai kwana gida ba. Ɗan uwargida da ɗan ta tsakiya ajinsu ɗaya, CM1, tsiransu wata biyar. Ɗaya yana cikin goman farko, ɗayan yana can ƙasan takarda. Uba ɗaya, tukunya ɗaya, malami ɗaya, hanya ɗaya suke bi su je su dawo.

Uwargidan ba ta taɓa shiga lekol ba, man gyaɗa da ƙuli-ƙuli take yi. Na tarar ta zauna a ƙofar ɗakinta da 'yar fitila mai caji, ɗan a gabanta ya buɗe littafin rubutu. Ba ta karanta ko harafi ɗaya, amma ta san jan biro. Takan bi shafi-shafi da yatsa mai maiƙo, in ta ga ja ya yi yawa sai ta tsaya ta ce, "Wannan fa? Me malam ya ce a nan?" Dole ya yi mata bayani da Fillanci, kuma garin bayanin sai ka ga ya gano kuskurensa da kansa. In kuwa ta ga shafin yau bai ƙaru a kan na jiya ba, to, sai ya faɗi inda ya yini. Ta gaya mini sau biyu a zango take zuwa makarantar da ƙafarta, ta gaida malam, ta kai masa ɗan ƙuli-ƙuli, don ya san yaron nan yana da mai shi.

Ta tsakiyar kuwa ta yi karatu har CM2 a zamaninta, tana iya karanta takardar asibiti. Amma wata huɗu ke nan tana gidansu, yaji ne da aka kasa sasantawa. Ɗanta ba ya kwana da yunwa, duk ɗakin da ke da girki zai sami kwanonsa, ba kuma wanda ke dukansa. Abin da ya rasa shi ne mai cewa "kawo littafinka in gani". Jakarsa tana rataye a ƙusa tun da ya dawo, a nan za ta kwana. Da na tambayi uwargidan me ya hana ta haɗa su biyun ta duba, sai ta yi shiru, can ta ce ɗan kishiya riƙon ƙwai ne, in ka matsa a ce ka tsane shi, in ka ƙyale a ce ka yi sakaci. Ban ga ƙarya a maganarta ba.

A gidan mata da yawa kowane ɗaki ma'aikatar ilimi ce mai cin gashin kanta, da nata kasafin da nata ministan. Biro da littafi da kuɗin APEE daga kuɗin gyaɗa da ɗinki da adashi suke fitowa, a gidajen da ba na Musulmi ba kuma sau da yawa daga tukunyar bilbil, burkutun yankin. Maigida yakan sauke buhun dawa ya ɗauka ya gama nasa. Ba wanke shi nake yi ba: mutumin da ya san farashin buhun albasa a kasuwa uku bai kamata a ce bai san ajin da ɗansa yake ba. Sai dai in an ce yawan mata ne kaɗai ke kayar da yara, to, an taƙaita zance. Na ga wani babban gida a unguwar inda wa ɗan sakandare ke tara ƙannensa da 'ya'yan baffanninsa a zaure bayan isha'i, da allon katako da ya shafa wa baƙin batir, kuma yaran gidan nan duk malamai sun san su da ƙoƙari. Na kuma ga ɗaki ɗaya na bazawara mai 'ya'ya uku, ba kishiya ba hayaniya, amma babbar 'yar ce uwa daga asuba zuwa dare saboda mahaifiyar tana wanki a gidajen mutane. Ita ce mai goyon nan da na gani da safe.

Waɗanda suka fi ba ni tausayi su ne 'yan riƙo. A ƙauyuka da yawa makaranta ba ta kai CM2 da malami tsayayye, sai a aiko yaro birni wajen kawu ko gwaggo "don ya yi karatu". Wasu kan dace. Wasu kuwa su ne masu ɗebo ruwa da shara da aike, su ne na ƙarshen kwanciya, na farkon tashi. Malamin ya nuna mini wata a CE2 da ke gyangyaɗi kullum kafin ƙarfe tara. Ya ce ya daina yi mata faɗa tun ran da ya gan ta da asuba tana tura kurar jarkoki. In aka kira taron iyaye ba mai zuwa dominta, domin wanda ya haife ta yana nesa, wanda ke riƙonta kuma yana ganin ciyarwar ma ai alheri ne.

Sai kuma yaran kan iyaka. Tun daga 2014 da Boko Haram ta matsa wa ɓangaren Kamaru, makarantu da dama suka rufe a gundumomin Mayo-Sava da Mayo-Tsanaga da Logon da Shari. Mutanen Kolofata da Amcide da Kerawa suka watsu zuwa Mora da Mokolo da Maruwa, ita kanta Maruwa ta ga tashin bama-bamai a watan Yulin 2015. 'Yan Najeriya da suka tsallako an tara yawancinsu a sansanin Minawawo da aka buɗe a 2013, amma 'yan ƙasa da aka raba da garuruwansu cikin dangi suka narke. Ajin da dama ya cika sai ya ƙara cika. A rajistar darakta ba a rubuta cewa wannan kakarsa ce ke riƙonsa, wancan kuma bai san inda ubansa yake ba, amma malamai sun sani. Akwai wani ɗan shekara goma sha uku a CE1, ya fi kowa tsawo, wanda ya yi shekaru ba ya zuwa ko'ina. Kakarsa, tsohuwa Babarbariya mai sayar da gyaɗa a bakin titi, ita ta kamo hannunsa ta kawo shi, ta ce wa darakta, "Ɗana, ga amana." Kullum da rana tana nan a bakin rafi tana jiran fitowarsa. Yaron yana cikin masu ƙoƙarin ajin.

A nan na tuna da Ahmadu Ahijo, wanda aka haifa a Garwa a 1924. Mahaifiyarsa ce ta yi ɗawainiyarsa, ta sa shi makarantar allo, sannan ya shiga boko a 1932, a zamanin da manyan Musulmin arewa ke ɓoye 'ya'yansu daga makarantar Nasara, kamar dai yadda aka yi a Kano da Damagaram. Ya faɗi jarrabawar gama firamare a 1938, ya ɗan taɓa aiki a sashen kula da dabbobi, ya koma ya sake zama ya ci. Shi ne ya mulki Kamaru daga 1960 zuwa 1982. Ko me mutum zai ce game da mulkinsa, da bai koma aji ba bayan faɗuwar nan, da wani labarin ake yi.

Maganar 'yan mata ba sai an ja ta ba, ido ke gani. A SIL sun yi kankankan da maza, a CM2 sai ka ƙirga su a bencin gaba. Talla da raino ke fara cinye su, aure ya ƙarasa. Marubuciya Djaïli Amadou Amal, 'yar garin nan da aka haifa a 1975, an aurar da ita tana da shekara 17, kuma littafinta Les Impatientes, wanda ya ci kyautar Goncourt ta ɗaliban sakandare a Faransa a 2020, a kan irin gidajen nan ya tsaya, da kalmar da ake cika wa mata kunne da ita, munyal, wato haƙuri. Garin da ya sami jami'a tun 2008, har da babbar makarantar horon malamai, har yau akwai unguwannin da yarinya ke ganin CM2 shi ne ƙarshen duniya.

Darakta yana da nasa lissafin shekara wanda ba ya cikin kalandar ma'aikata. Ana komawa makaranta farkon Satumba, amma da damina ta ja baya sai a shiga dashen masakwa, dawar rani da Fulani ke kira muskuwari, a filayen laka da ake ce wa karal. Aiki ne mai son hannu da yawa: wani ya huda rami, wani ya zuba ruwa, wani ya sa dashe. A watan Oktoba ajujuwan manya kan rame. Da masakwar ta fara nuna kuma sai korar tsuntsu da girbi. Ga makarantar allo da asuba da dare, wadda ba mai son a taɓa ta, shi kansa daraktan can 'ya'yansa ke zuwa. Wasu iyayen sun samo mafita a makarantun da ke haɗa Faransanci da Larabci, sai dai su na kuɗi ne. Yaron da ya yi allo da asuba, lekol da hantsi, gona da la'asar, in ya yi barci a kan littafi bai kamata a kira shi daƙiƙi ba.

Ba na so a fahimce ni kamar na ce komai a wuyan uwa yake, makaranta ta fita. Ai dalilin da ya sa yatsan uwargidan nan ke da wannan nauyin shi ne malami mai yara ɗari ba shi da lokacin duba littafin kowa. Da ajin arba'in ne, da malamin yana samun albashinsa a kan kari, da ana fara koya wa yaro karatu da harshen da yake mafarki da shi, kamar yadda aka gwada da Fillanci a wasu makarantu, da ɗan ta tsakiya ma ya sami mai lura da shi ko uwarsa na nan ko ba ta nan. Makaranta mai ƙarfi tana rufa wa gida asiri. Wannan kuwa da na gani, duk abin da yaro ya zo da shi daga gida, shi take ninka masa ta mayar.

Ranar Juma'a, ranar da zan yi sallama, na tarar da darakta a ofishinsa, wani ɗan ɗaki da ke zaman sito kuma, ya baje fayil-fayil a tebur. Lokacin haɗa takardun jarrabawar CEP ne, ta gama firamare, da ta shiga sakandare. Ya kasa su kashi biyu. Na dama sun cika. Na hagu kuwa abu ɗaya suka rasa, takardar haihuwa, kuma in babu ita yaro ba ya zama jarrabawa, ko da shi ne na ɗaya tun daga SIL. A wannan jiha matsalar ta zama ruwan dare. Ana haihuwa a gida, a yi suna, a yanka rago, a ci a sha, ba wanda ya tuna da ofishin magajin gari. In wa'adin da doka ta ɗiba ya wuce, sai an bi ta kotu: likita ya ƙiyasta shekarun yaro, a kawo shaidu, a biya kuɗi, a yi ta sintiri. Wani lokaci gwamnati da ƙungiyoyin agaji kan kawo alƙalai su yi zama na musamman a yi wa yara da yawa a lokaci guda, amma ko a nan sai wani babba ya tashi ya bi layi da yaron.

To wa zai bi? A nan tsarin gida ke fitowa fili, ba a aji ba. Uwargida mai man gyaɗa ta riga ta sa maigidan a gaba tun ɗanta yana CE2, sai da ya yi. Ɗan ta tsakiya ba shi da ita, kuma baɗi ne nasa CM2 ɗin. 'Yar riƙo ba ta da ita, kawun ya ce aikin ubanta ne, uban ya ce ai tana hannun kawu. Jikan tsohuwar nan tasa ta ƙone tare da gidansu.

Darakta ya zaro fayil ɗaya daga kashin hagu ya miƙo mini. Yarinya ce, ita ke zuwa ta biyu a CM2 tun farkon shekara. Ya ce sau uku yana aika wa mahaifinta, kullum amsar ita ce in ya dawo daga kasuwa zai zo. Ya karɓi fayil ɗin ya mayar, ya ɗora dutse a kai saboda iskar hunturu. Ranar Litinin zai kai na dama ofishin sufeto.